Yatsa Biyu

Ivonete ta sake ɗora yatsunta biyu a hancin bindigar da ke kwance kan teburin kicin, tsakanin kwandon cuku da ƙoƙon shayin ganye.

"To ga nawa, da sauran wuri. Naka kuma sun cike har sun wuce. Na wa ake nufi?"

"Yatsa ai yatsa ne, Nete," in ji mijinta Adelar, ya zuƙi shayinsa hankali kwance.

Aladun daji ne suka hana su sakat, sun kwantar da rabin masarar da ke gangaren rafi, maƙwabta suka tsayar yau da la'asar za a fita musu. Shi kuwa Adelar, mutumin da ba ya ganin abu a waya ya ƙyale, ya sayo wa bindigarsa sabuwar riga, ƙarfen nan da ke lulluɓe bututu inda hannun hagu yake riƙewa. Rigar ta fi tsohuwar tsawo. Ta zarce har ta haɗiye rabin birkin baki, guntun ƙarfe mai huji-huji da ke fesar da wuta ta gefe don kada bindiga ta tokari kafaɗa.

Valdir, ƙanin Ivonete, shi ya kira Seu Olindo mai gyaran bindiga a cikin gari. Layin waya kuwa a kwarin nan sai an hau shinge. Abin da ya tsinta a maganar tsohon duka-duka shi ne "bar yatsa biyu".

"Daga ina zuwa ina?" Ivonete ta tambayi Valdir, da ke tare da su a kicin ɗin.

"Daga bakin riga zuwa baki mana."

"Bakin me?"

"Haba Yaya, kin cika tambaya. Bakin bindiga. Ko dai bakin hujin..." Ya sosa ƙeya. "Kai, ya dai ce biyu."

Takaici ya kama ta. A garin nan komai yatsa biyu ne. Giyar rake yatsa biyu, ruwan kan shinkafa yatsa biyu, hira a bakin shinge ma yatsa biyu, sai rana ta take ana yi. Amma wannan hannun hagun Adelar ne, hannun da yake danna gaita, akwatin kiɗan da ake ja ana matsewa. Ranar Asabar za su aurar da 'yarsu Marlise, yarinyar kuma ta rantse ba ta taka rawa sai da kiɗan ubanta.

"Tsoho, ka mayar da tsohuwar rigar mana," ta ce wa mijinta.

"Na ba Valdir, ya ba wani. Ke dai je ki sayar da cukunki."

Ta ɗauki hoton hancin bindigar da wayarta, ta suri kwando ta tare motar gari. A mota ta nuna wa wata maƙwabciyarsu, Dona Lurdes, da ke zaune kusa da ita. Matar ta ce a saninta a tsaye ake auna yatsa, ba a kwance ba. Wani mai hular kaba ya leƙo daga baya ya ce ƙarya ne, kuma ban da babban yatsa. Ivonete ta sauka kanta ya fi ɗazu kullewa.

Ba ta ko bi ta kasuwa ba. Ta tarar da Seu Olindo yana goge wani ƙarfe da tsumma, ta miƙa masa wayar. Ya ɗaga tabarau, ya duba, ya sake dubawa.

"Wannan ce ta mijinki? Bai cire ba?"

"Ai sun bar yatsa biyun da ka ce. Ni dai so nake in ji na wa, nawa ko nasa."

"Ni? Yaushe na ce a bar yatsa biyu? Cewa na yi in ya harba ta a haka, zai bar yatsa biyu a wurin!" Ya buga hoton da farce. "Dubi hujin nan, Dona Ivonete, yana cikin riga. Wutar da za ta fita waje a ciki za ta fashe, daidai ƙarƙashin hannunsa. Dole kowane huji ya fito sarari gaba da riga, a ga haske tsakaninsu."

Ta fizge wayarta. Ta fito titi da kwandon a hannu, ta kira Adelar. Sai a kira na uku ya shiga, tana jin haushin karnuka da ƙarar mota.

"Nete? Mun kama hanya... me?"

Ta buɗe baki za ta ce kar ka harba, sai ta yi turus. Layin da ya cinye rabin maganar Seu Olindo, me zai hana shi cinye "kar" ya bar masa "ka harba"? Ko ma ya ji duka, ta san halin kayanta. A gaban maƙwabta zai yi dariya ya ce mata ke nan.

"Na faɗi a tasha!" ta kwarma ihu. "Ƙafa! Ta karye! Tasha! Ƙafa!"

Layin ya yanke. Ta je tasha ta zauna kan benci, ba ta san me ya isa kunnensa ba. Tsoro take ji sosai, ga kunyar ƙaryar da ta shara. Wata mata ta tsaya ta taya cuku, Ivonete ta dube ta kamar da wani yare take magana.

Rana ta karkata kafin farar akori-kurarsu ta yi wani mugun birki a bakin tasha. Adelar ya diro ko ƙofa bai rufe ba, takalmansa duk laka, ya nufo ta da gudu hannuwa a miƙe. Ta cafke na hagun da hannu biyu, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Suna nan cif, sai warin kare.

"Ba ka harba ba?"

"Wane irin harbi? Ina ji na juyo, na bar su a hanya suna zagina." Ya durƙusa a gabanta yana haki, idanunsa sun kaɗa. "Wacce ce, Nete? Dama ko hagu?"

Ta dubi ƙafafunta biyu. Ita ma ba ta tuna ko ta faɗa masa wacce ba.

"Hagu," ta ce, ta ƙara damƙe hannun. "Ɗaga ni a hankali, Tsoho. Mu fara biyawa ta wurin Seu Olindo."