Makullan Malam Sada

Tanko yana tsugune a gindin danga yana gyara turken akuya ya hangi jar darar ɗan doka tana tahowa a kan keke daga hanyar Kudan. Kafin ya miƙe sai ga maƙwabcinsa Malam Sada ya ɓullo ta bayan gida, ba hula ba takalmi, hannu ɗaya dafe da ƙirji, ya faɗa cikin gonar dawa. Mutumin da ya ba hamsin baya, wanda ko hadari ba ya sa shi sauri, yau shi ne da ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ɗan dokan ko kallon gidan bai yi ba. Ya zarce ƙofar Mai Gari, ya sanar cewa ran Laraba za a yi wa shanu allura, ya ci gasasshiyar masara biyu, ya hau kekensa ya koma. Tafiyarsa ke da wuya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tanko ya kutsa cikin dawar yana kira, bai sami Sada ba sai bayan la'asar, kwance tsakanin kunya biyu, ruwa na bi ta ƙarƙashinsa, haƙoransa na haɗuwa.

"Yaya Sada, tashi. Ya tafi tun ɗazu. Maganar shanu ta kawo shi."

"Haka suke yi," in ji Sada. "Su fara zuwa su ga gidan."

Da Tanko ya ciccibe shi, wani abu ya yi ƙara a cikin rigarsa. Makullai ne guda uku a jikin igiya, rataye a wuyansa. Duk garin Likoro ba wanda bai san labarinsu ba, ko da yake ba mai yinsa da ƙarfi.

Shekara ashirin da uku Sada yana masinja a wurin Turawa, 'yan shekarun baya a babbar makarantar da suka gina a bayan Zariya. Kullum in an tashi shi ke kulle ofis da ɗakin takardu da ɗakin tafireta, ya miƙa wa maigadi makullan a bakin ƙofa. Ranar da ƙungiyar ma'aikata ta fara yajin aiki, akawuna da masinjoji da masu dafa abinci da leburori suka ajiye aiki da tsakar rana suka fito. Sada ma ya fito, amma hannu ya riga ya saba, sai da ya bi ƙofofin nan uku ya kulle. Ya iso bakin ƙofa ya tarar maigadin shi ma ya shiga yaji. Ya rataya makullan a wuya da niyyar ya ga wanda zai ba.

Kafin ya ga kowa aka taru a fili aka fito da Alƙur'ani, Kiristoci kuma da nasu littafin. Kowa ya rantse ba zai taka cikin makarantar ba, ba zai kuma aika da komai ciki ba, sai shugabanni sun ce an daidaita. Sada ya ɗora hannu ya rantse kamar kowa. Sai da ya sunkuya ɗaukar takalminsa ya ji ƙarar ƙarfe a ƙirjinsa, a nan ya tuna makullan na wuyansa.

Ya dawo gida Likoro wurin matarsa Ummuhani, ya zauna jiran abin da zai biyo baya. Labari kuwa ba ya jiran mota. Wani ya jiyo a kasuwar Kudan cewa duk wanda aka kama da kayan Gwamnati shekara bakwai ce a gidan yari. Wani ya ce a'a, goma. Wani mai tallan gishiri ya rantse ya ga wani kuku da ya koma aiki a ɓoye, abokansa sun karya masa hannu. Sada ya tattara duka ya haɗiye, ya daina zuwa masallacin Juma'a, ya daina zama a zaure. Ko ƙarar ƙararrawar keke ya ji sai ya leƙa ta kafar zana.

Tanko kansa ba jarumi ba ne, kada a yi masa ƙarya. Manomi ne da bai taɓa wuce kasuwar Zariya ba, kuma duk abin da ke da takarda ko hatimi tsoronsa yake ji. Tun da Sada ya dawo ya kwashe garmarsa da iri daga rumbun da suke haɗawa, don kada a zo bincike a ce da shi. Ya yi hakan da kunya, amma ya yi.

Daga ranar dawar nan zazzaɓi ya rufe Sada, tari ya biyo baya, sai ciwon haƙarƙari. Ummuhani ta dafa sassaƙe, ta gasa masa ƙirji da tsumma mai zafi, aka karɓo rubutu. In ta zo shafa masa man shanu sai ta ture makullan gefe, don bai yarda a cire su ba. A rana ta huɗu Liman ya zo dubiya, Tanko na zaune a bakin ƙofa.

"Malam Sada, addini bai ƙuntata maka haka ba," in ji Liman. "Ka aika musu da kayansu, ka yi kaffarar rantsuwa. Azumi uku ne in ba ka da halin ciyarwa."

"Allah gafarta Malam, kaffara ta wanke ni a wurin Ubangiji. Wa zai wanke ni a wurin mutum ɗari biyu da 'ya'yansu ke kwana da yunwa? In ƙofofin nan suka buɗe, Bature ya ɗebo sababbin mutane ya zuba, shi ke nan an gama da mu. A ce Sada ne ya buɗe."

"To ka ba shugabannin naku su riƙe."

"Ba su suka ba ni amana ba."

Liman ya yi addu'a ya tashi. A waje ya dubi Tanko ya girgiza kai. "Gaba kura baya sayaki," in ji shi, ya wuce.

A rana ta shida da hantsi Ummuhani ta leƙo ta kan danga. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Tanko, Malam na kira." Ya tarar da shi a kan tabarma, idanun sun faɗa, numfashi na fita da ƙyar. Sada ya kamo hannunsa ya ɗora a kan makullan. Ƙarfen ya ɗauki zafin jikinsa.

"Na yi tunani," in ji Sada, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma. "Rantsuwa ta mai rai ce. In na cika, ta ƙare. Ka cire su, ka kai. Hannu da hannu. Kada a sa ni a ƙasa da kayan mutane a wuyana."

Tanko ya dubi makullan. Ya so ya ce ga shi da noma, ga shi bai san hanya ba, ga shi ba ya jin Turanci. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Yaya."

"Ba yanzu ba. Sai na cika."

Bai daɗe ba. Ya yi kalmar shahada sau biyu, na ukun Tanko ne ya ƙarasa masa. Ummuhani ta juya fuska ga bango. Tanko ya zare igiyar ta kan mamacin, ya ga ta yi masa shaida a wuya.

"Ba a ajiye gawa," in ji Liman da ya ji wasiyyar. "Amma ƙasa ta jiƙe, haƙa zai ɗau lokaci. Ka dawo kafin la'asar. In rana ta karkata ba ka zo ba, za mu kai shi."

Tanko ya hau keken Sada ya kama hanyar Zariya. Laka ta kama ƙafar keken sau uku, ya sauka ya tura. A rafi ya ɗauke shi a kafaɗa, ruwa har ƙugu. Duk mutumin da ya hango daga nesa sai ya ga kamar ɗan sanda ne, duk wanda ya gaishe shi sai ya ji kamar ya san abin da ke aljihunsa. Sau ɗaya ya tsaya a bakin wani kududdufi ya fito da makullan. Ba kowa a wurin sai wata saniya. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya mayar da su aljihu ya hau keke yana zagin kansa.

Ya iso da azahar. A hayin titi, ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro, masu yajin suna zaune a kan tabarmi da duwatsu, sun fi ɗari. A bakin ƙofa kuma 'yan sanda huɗu da kulake. Kafin ya yanke wa zai fara fuskanta, mutane suka kewaye shi, wani ya riƙe kan keken.

"Malam, ina zuwa?" Mai tambayar wani siririn akawu ne da alƙalami a aljihu, ana kiransa Zainulabidin. "Aiki aka ce maka ana ɗauka? Jiya ma mun mayar da irinku biyar daga ƙauye."

Tanko ya sa hannu a aljihu ya fito da makullan.

"Na Sada ne," wani tsohon lebura ya ce daga baya. "Ashe ya aiko. Ashe Sada ya karya rantsuwa."

Kewayen ya ƙara matsewa. Tanko ya ji numfashin mutane a ƙeyarsa.

"Bai aiko ba," in ji Tanko. "Ya rasu yau da hantsi. Suna wuyansa har ya cika. Ya ce sai bayan ransa a kawo. Gawarsa na can ana jira na."

Sai salati ya fara tashi a hankali daga baki zuwa baki. Tsohon leburan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Zainulabidin ya janye hannun wanda ya riƙe keken.

"Kai ba ka rantse ba, Baba," ya ce. "Shiga. Gini na biyu a dama."

'Yan sandan suka dube shi daga sama har ƙasa, suka ga laka har gwiwa, ɗaya ya raka shi. Ciyawa ta fara cin hanyoyin makarantar, shara ta taru a baranda. A cikin ofis wani Bature ja, gumi ya jiƙa masa riga, yana buga tafireta da yatsa biyu. Tanko ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya miƙa makullan da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, saƙon Malam Sada masinja ne. Allah ya yi masa rasuwa."

"Sada? Ya mutu?" Hausar Baturen a karkace take amma ana ganewa. "Kash. Mutum mai kirki. Allah ya ji ƙansa." Ya juya makullan a tafin hannu kamar yana son tuna inda ya san su. Sai ya nuna ƙofa da haɓa. Tanko ya waiga. Sabon kwaɗo ne a jiki, katakon gefen kuma an yi masa faci. "Mun kira kafinta daga gari tun rana ta biyu. Waɗannan ba su buɗe komai yanzu."

Ya jawo aljihun tebur ya jefa su ciki.

"Ranka ya daɗe," in ji Tanko, "ba a nemansa?"

"Nemansa? Don me?"

Tanko bai san yadda ya fito ba. A bakin titi Zainulabidin ya tare shi, Tanko ya gaya masa maganar kwaɗon. Akawun ya sunkuyar da kai.

"Mun sani. Daga nan muka ji ƙarar guduma. Ba mu san suna wurinsa ba, da mun aika."

Tsoron da ya raka Tanko tun safe ya sake shi a nan, wani abu mai nauyi ya maye gurbinsa. Ya tuna garmarsa da ya kwashe daga rumbu, ya yi kuka a kan keke har ya wuce rafi, bai damu da wanda ya gan shi ba.

Ya shigo Likoro rana ta karkata. An riga an fito da makara ƙofar gida, mutane sun yi sahu, Liman na duban hanya. Tanko ya jingine keken ya yi alwala a gurguje ya shiga sahu.

"An karɓa?" Liman ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"An karɓa. Hannu da hannu."

Liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara.

Washegari da safe Tanko na ba akuya dusa ya ji muryar Ummuhani ta bayan danga. Ta shiga takaba, ba ya ganin komai nata sai gefen mayafi.

"Tanko, me suka ce?"

Ya daɗe yana juya dusar da hannu. "Sun ce mutumin kirki ne, Yaya. Sun yi masa addu'a."

"Ba za su zo ba ke nan?"

"Ba za su zo ba."

Ta yi ajiyar zuciya. Sai ya ga hannunta ya turo faifai ta ƙarƙashin danga. Maɓallan tagulla ne guda shida, masu hatimin Gwamnati, da guntun zaren kakin Sada a jikin kowanne. Ta goge su da toka har suna ƙyalli.

"Waɗannan ma nasu ne," ta ce. "In ka sami hanya."

Tanko ya tsuguna ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihu, ya tura mata faifan.