Ranar da Aka Sare Furannin Ivor

Hettie na riƙe da cokali a bakin Ivor, tana lallashinsa ya ƙara kurɓar romo, sai ƙarar inji ta tashi a bayan gida.

Tsohon ya kawar da kai. "Mene ne wancan?"

"Masu gonar ƙetare ne ke yanka wa shanu ciyawa. Buɗe baki."

"Hettie, mun tsufa katangarmu ɗaya, har yau ba ki iya ƙarya ba."

Ta dire kwanon. Tun da ciwon huhu ya kayar da shi aka sauko da gadonsa falo, inda taga ke kallon titi. Ita ce maƙwabciyar da ke shigowa safe da yamma, don matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa Clive kuma sai jiya ya iso daga Bristol.

Ta zagaya baya. Gangaren da ke cike da furanni masu launin shuni ya riga ya kwanta rabi, ga Clive a tsakiya da injin yankan ciyawa. Irin furen nan ne da mutanen ƙauyen ke kira mai taurin kai, saboda ƙullin da ke ƙarƙashin gashinsa kamar tsakuwa yake. Shekarun baya, lokacin da za a faɗaɗa hanyar kasuwa, Ivor ya bi gefen titi yana tsinkar irinsa cikin hularsa, ya zo ya watsa a nan. Ƙasar gangaren fara ce, alli zalla, ba ta da ƙarfi, kuma haka furen ke so; in aka zuba masa taki, ciyawa ce ke danne shi. Da kaka yake watsa iri don sanyin hunturu ya fasa shi, ba ya kuma sa lauje sai ƙullin ya bushe.

"Clive! Kashe abin nan!"

Ya kashe, ya share gumi. "Misis Pargeter, dillali zai zo ɗaukar hoto ranar Juma'a. Wa zai sayi gida da jeji a bayansa?"

"Ubanka na ciki yana numfashi."

"Likita ta ce ba zai sake takowa nan ba. Kuma ba ke ce kullum kike mitar irin yana faɗa miki cikin wake ba?"

"Mitata da shi nake yi, ba da kai ba."

Clive ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Lokacin da Mama ke kwance a wannan falon, ina yake? Yana durƙushe a nan yana hira da ƙudan zuma. Ni na riƙe mata kofi. Ki tambaye shi."

Hettie ta san ba ƙarya ya yi ba. Ya sake tayar da injin. Ta duƙa ta kwashi abin da hannunta ya iya ɗauka daga waɗanda suka faɗi, ta zuba su a tulun madara, ta kai gefen gado.

Ivor ya miƙa hannu, ya murza ƙulli ɗaya da babban yatsa. Ya daɗe yana murzawa.

"Ɗanye ne," ya ce. "Babu iri ko ɗaya a ciki. Da ya jira kaka, ai da ni da su duk mun ba shi wuri."

"Za su sake tohowa baɗi, saiwarsu na nan."

"Ki fitar da su."

Da yamma Clive ya shigo, rigarsa na warin fetur. Ya tsaya daga bakin ƙofa kamar baƙo.

"Baba, na gyara bayan gida."

"Na ji. Sannu da aiki."

Ya juya fuskarsa bango. Daga ranar bai ƙara karɓar cokali ba, ko daga hannun Hettie. Ranar Alhamis da hantsi, tana ninke tawul tana ba shi labarin rigimar mawaƙan coci, ta lura ita kaɗai take magana.

A wajen jana'iza Clive ya ɗora fararen furannin kanti a kan akwatin, limamin coci ya ce marigayin mutum ne mai son lambu. Hettie ba ta tsaya shan shayi ba. Dillali dai ya zo ranar Juma'arsa. Mako na zagayowa wani mutum ya yi wa gangaren feshin maganin kashe ciyawa, daga baya aka shimfiɗa masa ciyawar sayarwa, koriya shar, kamar darduma.

Da sanyin kaka ya shigo, Hettie na shanya a bayan gidanta, sai ga garken ƙananan tsuntsaye masu jan goshi, waɗanda ke zuwa cin irin furannin duk shekara. Suka sauka a kan wayar shinge, suna juya kai, suna kallon gangaren. Can suka tashi gaba ɗaya, wayar ta ɗan jima tana rawa.