Batir a Ɗakin Jego

Tun daga bakin ƙofa Zakiyya ta ji warin. Ba na turaren wuta ba ne, ba kuma na kunun kanwa ba. Wani wari ne mai zaƙi-zaƙi da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro.

Daga aji take a Yalwa, ta tari keke zuwa Inkil don yi wa yayarta Azumi barka, wadda ta haihu a gidan kakarsu Hajja. A jami'a harkar wutar sola take karanta: dokokinta, kasuwarta, da yadda ake tsare kai daga haɗarinta. A gida kuwa "karatun fitila" suke ce masa, su yi ta sheƙa dariya.

Ɗakin jegon ya ɗau zafi kamar gidan burodi. Taga a rufe, labule a sake, kasko shaƙe da garwashi a gefen gado, don Hajja ba ta yarda sanyi ya shigi mai jego ko da wasa. Batirin solar gidan, wanda a da yake zaure yana shan iska, ga shi an dawo da shi dab da kaskon, wayoyinsa na bin ƙasan tabarma. An lulluɓe shi da bargo, an ɗora leshi, har da kwanon goro a sama. To, kaya mai daraja ai ba a barinsa tsirara, ga 'yan barka na ta shige da fice.

Zakiyya ta ɗaga bargon. Cikin batirin ya kumbura, ya yi zafin da hannu ba ya zama, yana wani ɗan huci ƙasa-ƙasa. Tsoro ya kama ta sosai.

"Hajja, wa ya shigo da wannan?"

"Ni na sa. In bar shi a zaure ɓarayi su yi gaba da shi?"

"Wallahi wuta zai kama. Kowa ya fita, yanzun nan!"

"Ke, rufe mana baki da mugun fata!" in ji Hajja. "Jinjirin da ko suna ba a yi ba za a fitar sarari? A gidana? Kanki ɗaya kuwa, 'yar fitila?"

Mata suka kwashe da dariya. Azumi ma ta murmusa, ta gyara wa ɗanta kwanciya a ɓangaren da ke kusa da batirin. Duk ƙa'idojin da Zakiyya ta haddace, na tazara da na iska, babu wadda ta faɗi yadda ake yi da Hajja.

Hucin ya ƙaru.

Zakiyya ta yi wuf ta isa bakin gadon. Ta suri jinjirin ta yi waje da gudu. Azumi ta ƙwalla ƙara ta biyo ta tana dafa bango, mata suka ɗungumo suna salati da tsinuwa. Zakiyya ba ta tsaya ba sai gindin darbejiyar ƙofar gida. Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya: kowa ya fito, har Hajja. Alhamdu lillahi. Ko marinta za su yi, su yi.

Hajja ta iso tana haki, hannu a sama. Sai idonta ya sauka a kan jinjirin, hannun ya sauko.

"Wayyo Allah, ko hula babu! Iska za ta kashe min shi!"

Ta juya ta nufi ɗakin don ɗauko hula. Zakiyya ta ƙwalla mata kira.

"Hajja! Hajja, kar ki shiga!"

Tsohuwa ba ta ko waiga ba. Ta ɗaga labulen ta shige, farin hayaƙi ya riga ya fara kwararowa ta ƙarƙashinsa.