Kifaffen Jirgin Illo

Ranar Talata, uku ga watan Afrilu na 1984, aka kwashe mutum goma sha bakwai daga bakin ruwan Yelwa a cikin motar ɗibar yashi, kuma daga takardar da na rubuta da hannuna aka kira sunayensu.

Sunana Shu'aibu. Na yi shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane tarihi, na ajiye aiki da akwati shida na littattafai da ciwon gwiwa. Matata Hansatu ta rasu wata takwas kafin wannan Talatar. Ba mu da ɗa a raye.

Illo mutumin tsibiri ne. Garinsu yana ƙarƙashin tafki tun lokacin da aka datse ruwa a Kainji. An ba shi ɗaki a wani sabon matsuguni can kan tudu, ta wajen Shanga, wanda mutane suka laƙaba wa suna Tungar Siminti, domin har rufinsa siminti ne, da rana tanda, da dare ma tanda. Daga can zuwa ruwa tafiyar yini ce. Ya daure damina biyu, matarsa ta rasu, ya ja ƙofar ya gangaro Yelwa da allurar ɗinkin taru a aljihu. A bakin ruwa ya sami wani tsohon jirgi da ya fashe, ya kife shi, ya tokare gefe ɗaya da duwatsu, ya shimfiɗa tabarma a ƙasa. Gidansa ke nan shekara goma sha uku.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai jirage biyar a kife a wajen, da rumfunan buhu. Akwai Asibi, wadda take ƙyafe wa masunta kifi a ba ta kawuna, da Mati ɗan dako wanda buhun albasa ya karya wa ƙugu, da wasu irinsu. Ba wanda yake bara a cikinsu. Garin yana cin kifin da suka gyara, yana sayar da albasar da suka yi gadi, amma idan aka zo maganarsu sai a ce “waɗancan na bakin ruwa”, da irin muryar da ake ambaton kwata.

Hansatu ce ta fara aika wa Illo tuwo, ni ne kuma ɗan aiken, tunda likita ya ce in riƙa tattaki bayan la'asar. Kullum na iso zai ɗago kai daga tarun da yake ɗinki ya ce ga mutumin da ya karanta labarin duk kogunan duniya amma in aka jefa shi a randa sai ya nutse. Ni kuma in ce ga sarkin da fadarsa take kallon ƙasa. Sai ya karɓi kwanon ya ce a gaida Inna. Ya girme ta, amma haka yake kiranta.

Ɗakin zauren gidana, mai ƙofa a waje, shi ne ɗakin littattafaina. Ana saura kwana huɗu ta rasu, Hansatu ta ce in ta tafi in mai da littattafan ɗakinta, in ba Illo ɗakin zauren. Ta ce takarda ba ta jin ruwan sama a ƙashinta, tsoho yana ji. Na ce mata to.

Ban yi ba. Mai da littattafan yana nufin buɗe ɗakinta, ni kuwa na sa masa kwaɗo ranar sadakar uku na daina bi ta gefensa. Wannan ita ce gaskiyar. Amma mai karatu ba ya rasa rigar da zai sa wa tsoronsa, sai na gaya wa kaina cewa sadaka ba magani ba ce. In na ɗauki Illo, sauran goma sha shida fa? Hukuma ce ta nutsar da garinsu, hukuma ce ya kamata ta rufa musu asiri, kuma duk ɗakin da wani ya bayar don tausayi sauke mata nauyi ne. Har yau ina ganin maganar daidai ce. Na ci gaba da kai tuwon da maƙwabciyata take tuƙa mini, a kwanon Hansatu, ban taɓa gaya masa abin da ta ce ba.

A farkon shekarar aka kafa kwamitin tsaftar gari, aka naɗa Sule sakatare. Sule ɗalibina ne, yaro mai ladabi wanda bai taɓa karanta littafi ya kai ƙarshe ba. Ya zo gidana ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa, ya ce kwamiti yana so ya yi wa mutanen bakin ruwa matsuguni, kuma duk garin ba wanda ya san lamarin kamar Malam. Ban ji daɗin wata magana kamar wannan ba tun rasuwar Hansatu. Wannan ma laifina ne.

Mako biyu na yi ina rubutu, shafi goma sha ɗaya. Na ce akwai fili a bayan rumfunan albasa, sama da inda ruwa yake kaiwa in tafki ya cika. A ba su shi. A yi ɗakunan ƙasa da aikin gayya, masu jirage su kawo azara, 'yan albasa su kawo ciyawar rufi, tunda su ne masu morar mutanen. Na ce kafin a gama, akwai tsohon sito da ba kowa cikinsa sai jemagu. Na ce abin da ya fi komai shi ne kada a raba su da ruwa, domin a nan abincinsu yake. A shafi na bakwai na kawo misalin Tungar Siminti, ɗaki arba'in a tsaye ba kowa sai awaki, don a ga abin da ke faruwa in aka gina wa mutum gida ba a tambaye shi ba.

Sule ya ce takardar ta yi kyau ƙwarai, saura sunaye, don a san ɗaki nawa za a tanada.

Na ɗauki biro na gangara. Asibi ta ce sai abin da Illo ya ce. Mati ma haka. Illo bai ɗago kai daga tarunsa ba.

“Malam, sau guda aka taɓa rubuta sunana,” in ji shi. “Wani mai gajeren wando ya zo da takarda awa wagga. Bayan shekara biyu kabarin ubana na ƙarƙashin ruwa.”

Na ce wancan baƙo ne, wannan karon ni ne.

“Kai ɗin ne hwa nike tsoro. Shi wancan ya san mi yake yi.”

Muka yi dariya. Ya daɗe yana jan zare, sannan ya ce in rubuta, albarkacin tuwon Inna. Da ya ba da nasa, sauran suka biyo layi. Na rubuta kowa da sunan ubansa da garinsu na asali, da kyakkyawan rubutu irin na malaman da.

Sai aka ji wani babban baƙo zai zo daga Sakkwato ranar Laraba, kuma zai ga bakin ruwa. Aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Aka shafa wa gindin itatuwa. Da akuya ta tsaya wuri ɗaya da an shafa mata.

Da hantsin Talata maƙwabciyata ta leƙo ta ce ana ƙona jirage a bakin ruwa. Na tafi da saurin da gwiwa ta yarda. Na tarar da motar yashi, da ƙarti shida da sanduna, da Sule a tsaye kan wani turmi yana riƙe da takardata. Yana kiran suna, mai sunan yana amsawa, ana taimaka masa ya hau. Ba a doki kowa ba. Babu bukata. Duk sun ɗauka ɗakunan da Malam ya yi alkawari ne suka samu, har Asibi ta ɗaura zanenta na kirki. Sai da aka zuba wa jirgin farko kananzir suka fara kallon juna.

Mutanen gari sun taru, kuma ina so a rubuta abin da suka yi, wato ba komai. Mai jirgin da Illo ya yi wa ɗinkin taru shekara goma yana tsaye yana sakace. Wani dillalin albasa ya ce da ma wurin ya yi wari. Wani alhaji da muke sahu ɗaya a masallaci ya ce ai gata aka yi musu, gidan siminti kyauta, shi ma bai samu ba.

Na tambayi Sule ina za a kai su. Ya sauko daga turmin, ya rusuna, ya ce Tungar Siminti, kamar yadda Malam ya ba da shawara.

Na ce ban ba da wannan shawarar ba.

“Shafi na bakwai, Malam. Ɗaki arba'in ba kowa. Kwamiti ya yaba ƙwarai.”

Na fizge takardar na buɗe shafin na fara karanta masa da ƙarfi, kamar muna aji. Na nuna masa jimlar da ta gabata da wadda ta biyo baya. Na tambaye shi ko ya ga shafi na uku, ko ya ga maganar fili, ko ya ga inda na ce kada a raba su da ruwa har na ja layi biyu a ƙarƙashi. Yana ta cewa haka ne Malam, gaskiya ne Malam, filin dai an riga an yi wa wani alkawarinsa, siton kuma yana kan hanyar da baƙo zai bi.

Ina cikin haka aka taɓa mini kafaɗa. Illo ne, da tabarmarsa a naɗe a hammata. Bayansa jirginsa yana ci, tsohon katako da ƙaron liƙi, hayaƙin baƙi ƙirin. Ya miƙo mini kwanon jiya, a wanke.

“Ga kwanon Inna, kar shi ɓace,” in ji shi. Ya dubi takardar da ke hannuna. “An kira sunan kowa daidai, Malam. Har na ubana.”

Maganar Hansatu tana bakina. Kalma goma sha biyu ce kawai, kuma ba wanda zai hana ni, domin kwamiti bai damu da inda mutum zai kwana ba muddin ba a gaban baƙo ba ne. Amma Sule ya ce wani abu game da sakin layi na biyu wanda ba daidai ba ne, sai na juya in gyara masa. Lokacin da na gama gyaran, motar ta kai kan kwalta.

Baƙon ya zo ranar Laraba. Motarsa ta bi ta bakin ruwa gilashi a rufe, ba ta tsaya ba. Kafin mako ya zagayo, inda jiragen suke ya zama juji, kuma ba a kafa wa jujin kwamiti ba.

A daren Talatar ban iya komai ba, amma da safe na fasa kwaɗon ɗakin Hansatu, don na manta inda na jefa makullin. Ba abin da ya same ni. Ɗaki ne, da gado, da ƙamshin turarenta da ya kusa gushewa. Na yini biyu ina jan akwatuna. Na share ɗakin zauren, na yayyafa ruwa, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na sa randa. Aikin da na yi wata takwas ina gudu bai fi haka ba.

Ranar Juma'a na sami motar kasuwa mai zuwa wajen Shanga, ta sauke ni a mararraba, na taka sauran. Tungar Siminti tana nan yadda na kwatanta ta a shafi na bakwai, sai dai na manta ban rubuta cewa rijiyar ta ƙafe ba. Ban manta ba, ban sani ba. Ban taɓa zuwa wurin ba sai ranar. A rahoton wani na karanta labarinsa.

Na tarar da mutum biyar, yawancinsu ba su iya tafiya, sauran sun watse. Mati yana kwance a bakin wata ƙofa. Asibi ta tsaya saboda shi, tana roƙon ruwa wajen Fulanin da ke kiwo a kusa. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce an bar musu buhun gero ɗaya ba tukunya. Ta ce Illo ya kwana ɗaya, a waje, ya ƙi shiga ɗakin da ya gane shi ne nasa na da. Da asuba ya naɗe tabarma ya ce shi zai bi inda ƙasa ta gangara, ruwa ba ya ɓuya. A tsakiyar bazara, tsoho mai shekara saba'in, ba gora.

Na yi hayar amalanke na fito da su biyar ɗin bakin hanya. Mati ya yi wata huɗu a ɗakin zaurena kafin danginsa su zo daga ƙetare su ɗauke shi. Kada a yaba mini. Ɗakin ba nasa ba ne.

Na nemi Illo har ruwa ya sauka. Na bi tungayen masunta daga Yelwa har Wara, ina tambayar tsoho mai ɗinkin taru. A wata tunga ta ƙasar Ngaski wani ya ce ya ga mai kama da shi ya shiga jirgin ƙetare. Wani makiyayi ya ce sun binne wani dattijo da suka tsinta a gindin kirya, da tabarma a gefensa, amma bai lura da ko akwai allura a aljihunsa ba. Na koma wajen Sule, wanda ya sami ƙarin girma, ya cire hula ya ce kwamiti ya kammala aikinsa an rushe shi, takardun kuma suna Sakkwato. Ya ce har yanzu ana misali da rahoton Malam.

Littattafan suna ɗakin Hansatu, gara ta fara cin akwati na huɗu, ban hana ta ba. Ɗakin zauren a share yake, ba na sa masa kwaɗo, kwanon yana kan randa. Shafi goma sha ɗaya na rubuta a kan inda ya kamata mutumin nan ya kwana, kuma abin da aka aike ni in gaya masa bai cika layi ɗaya ba.

Illo, Inna ta ce ɗakin zaure naka ne, taho mu tafi gida.