Rediyon da Na Kai wa Inna

Shekara shida ke nan ana ce mana baɗi kowa zai koma rediyon dijital. Baɗin nan dai har yau bai iso ba. Amma da Manaja ya tashi gwada sabuwar tashar, sai ya ɗauke shirina na gaishe-gaishe, na ƙarfe tara na safe, ya kai can.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ke da akwatin da zai kama ta?"

Ya ce, "Za su saya."

Su saya da me? Wata uku ina ta zuba, kira biyu na samu. Ɗaya ma Injiniyanmu ne yake gwada layi daga ɗakinsa.

Ni ba masu kira ne damuwata ba, Inna ce. Tana can gidan yayana, tafiyar yini guda, idonta ya tafi. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa fashin shirina ba. Ina kiranta a waya, amma ta ce, "Auta, a waya lafiyata kawai kike tambaya. A rediyo nake jin dariyarki."

Da na samu hutu na sayi sabon akwatin, aka bar tsohon shirina a faifai don ya fita a lokacinsa, na kama hanya. Wallahi har dariya nake yi ni kaɗai a mota.

Da gari ya waye a gidan Yaya, tara na bugawa muka kunna. Shiru. Inna ta lalubo akwatin tana neman abin murɗawa, don ta saba bin shuuu ɗin nan a hankali har ta tsamo muryata. Wannan kuwa ba ya shuuu. Ko ya kama tas, ko ya yi gum. Yaya ya fita da shi tsakar gida, ya zaro eriya, ya taka turmi, ya hau katanga, rigarsa ta yage.

"Ya kama! Ga sunan shirin nan ya fito a gilashi!"

"To me take cewa?" in ji Inna.

"Rubutu ne kawai, Inna."

Na kira Injiniya raina a ɓace. Wai ƙarfin tashar bai kai nan ba tukuna, sai an kafa wani turken watsa shirye-shirye. Na ce yaushe? Ya fara lissafa mini taruka, na kashe wayata.

Washegari ina haɗa kaya sai na ji muryar wani ƙato daga ɗakinta. Tsohon rediyonta ne, a tsohuwar tashar, mutumin da aka ba lokacina yana tallan maganin basir. Tana zaune ta kara kunne.

"Haba Inna, me kike saurare a nan?"

Yaya ya ce kullum haka take yi, awa guda cur, ba mai tari.

Ta ɗaga mini hannu. "Yi shiru, Auta. Ai abokin aikinki ne. Wata rana za ki wuce ta bayansa kina magana."