Fitsarin Duna

Duk wanda ya san Jaji maharbi a Dogon Dawa ya san shi da baƙin karensa, Duna. Ranar da 'yan bindigar daji suka shigo ƙauyen, Duna ne ya fara haushi tun kafin kowa ya ji ƙarar babura, shi ya sa Jaji ya tsira da ransa. Daga shi sai rigar wuyansa sai karen suka iso cikin garin Birnin Gwari, gidan ƙanensa Nababa mai sayar da hatsi, aka ba shi ɗakin da ke cikin zaure.

Ba a daɗe ba Duna ya fara tari. Cikinsa ya kumbura, in ya ɗan taka sai haki. Jaji ya kai shi wurin Susan, likitar dabbobin da ke da ɗan shago kusa da tasha. Ta ɗora masa abin sauraron ƙirji, ta daɗe tana saurare.

"Baba, zuciyarsa ce ta gaji," in ji ta. "Ba ta iya tura jini sosai, shi ya sa ruwa ke taruwa a huhunsa da cikinsa. Ba zan ɓoye maka ba, ba warkewa zai yi ba. Amma da magani zai samu ya yi numfashi."

Ta ba shi ƙwaya iri biyu, ɗaya ta taimaki zuciya, ɗaya ta fitar da ruwan. Safe da yamma, ba fashi. Gishiri kuwa ko ɗanɗane kada ya yi.

To, ƙwayar ruwan nan ita ta jawo rigima. Ruwa ai sai ya samu hanyar fita. Duna ya dinga fitsari ba ji ba gani, a zaure, a bakin ƙofa, har gefen dakalin da Nababa da maƙwabtansa ke alwala. Jaji na bi da buta yana wankewa, amma ina.

"Yaya, najasa ce fa," in ji Nababa. "Mutane sun fara ƙaurace wa ƙofar gidana. Kuma wai kare da ƙwayar asibiti safe da yamma, sai ka ce wani alhaji mai hawan jini?"

"Kai ka sha taka, shi ma ya sha tasa," in ji Jaji, ya ci gaba da wankinsa.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a Saminaka, wani tsohon abokin farautar Jaji. Dole ya je gaisuwa, kuma tafiyar sai an kwana. Ya damƙa wa ƙanensa ƙwayoyin, ya yi ta nanata masa yadda ake bayarwa.

Nababa ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Shi abin da ya tashi ya gani, in cikin tunkiya ya kumbura, kanwa ake jiƙa mata. Sai ya ajiye ƙwayoyin gefe, ya jiƙa jar kanwa ya yi ta ɗura wa karen. Fitsari ya ɗauke, zaure ya bushe, har yana gaya wa maƙwabta ya gano bakin zaren. Bai san kanwa da gishiri aikinsu ɗaya a jikin mai irin wannan ciwo ba, riƙe ruwa suke yi.

Da hantsi Jaji ya dawo. Ya tarar da Duna tsaye, ƙafafu a ware, wuya a miƙe, harshe ya yi shuɗi-shuɗi. Ya kasa kwanciya, don in ya kwanta ruwan shaƙe shi yake yi. Ko wutsiya bai iya kaɗa wa ubangidansa ba. Tsoro ya kama Jaji, irin wanda ko a daji bai taɓa ji ba.

Ba ɗan acaɓan da ya yarda ya ɗauki kare. Jaji bai tsaya roƙon kowa ba, ya jawo baron da Nababa ke ɗaukar buhunan masara da shi, ya shimfiɗa rigarsa, ya ɗora Duna. Haka ya ratsa tsakiyar kasuwa, tsoho da furfura yana tura kare. Masu tebur suka samu abin dariya.

"Baba, ina za a kai ango?"

"Matsa ka ba ni hanya," in ji Jaji. Ko kallonsu bai yi ba.

Da Susan ta ji labarin kanwa sai ta riƙe baki. Ta yi wa karen allura nan take.

"Yanzu sai jira, Baba. In ya yi fitsari, ya tsallake yau. In bai yi ba, sai haƙuri."

Ana kiran azahar ya turo baron ƙofar gida. Maƙwabta na kan dakali da butocinsu. Nababa ya tare bakin zaure, kunya da taurin kai duk sun haɗu a fuskarsa.

"Yaya, na yi kuskure, na yarda. Amma in ƙwayar nan za a koma, karen nan ba zai sake shigar min gida ba."

"Ita za a koma, har ranar da Allah ya karɓi abinsa," in ji Jaji. "Miƙo min tabarmata."

"Haba Yaya, saboda kare?"

"Saboda shi kake da yayan da za ka kora."

Ya tsallaka titi, ya shimfiɗa tabarmar ƙarƙashin darbejiya, ya sauke Duna a hankali. Karen na tsaye yana rawar ƙafa, ƙirjinsa na ƙugi. Jaji ya tsuguna gabansa ya zuba masa ido. Masu alwala ma suka tsaya da butoci a hannu.

Can sai Duna ya ɗan ranƙwafa, ko ƙafa bai iya ɗagawa ba. Fitsari ya zubo. Ya yi ta zuba, ya jiƙa gefen tabarmar, ya gangara kan titi a gaban kowa. Jaji bai ko janye ƙafarsa ba. Hawaye na bin gemunsa, yana ta hamdala a fili.

"Yi abinka, Duna," in ji shi. "Nan ba gidan kowa ba ne."

Karen ya gama, ya ja dogon numfashi, ya kwanta.