Shekara Biyu a Ƙarƙashin Baba Joshuwa

Muna tsakanin Bompai da Sharaɗa adaidaitar ta mutu, na sauka na ci gaba da ƙafa. A jakata akwai kwafin CV goma sha biyu, shaidar digiri, takardar bautar ƙasa, hoton fasfo, biro, da maganin tarin da matar maƙwabcinmu ta ce in sayo.

Shekara huɗu na yi a Indiya ina karanta kimiyyar sinadarai. Na dawo na tarar abokaina sun watse. Mako uku ke nan ina bin ƙofofin kamfanoni. Maigadi zai karɓi takardar, ya jefa a kwali, ya ce za a kira. Shafi ɗaya ce, kuma a ƙarƙashin inda aka rubuta ƙwarewar aiki babu komai.

Da la'asar na isa Zawaciki. Baba Joshuwa yana kan bencinsa a ƙofar ɗakin da yake haya, jikin gidanmu. Mutumin Zonkwa ne. Shekara ashirin da takwas ya yi a wani kamfanin jimar fata a Challawa, ya fito da ƙirjin da ba ya barinsa ya gama magana.

"Ɗan Indiya, yau ma iska ka sha?"

"Na sha, Baba. Ga maganinku."

"Kawo takardar nan taka."

Ya nisanta ta da idonsa ya karanta a hankali. Ya ɗora yatsa a kan wurin da babu komai.

"Nan fa? Fili ka bari a yi ƙwallo?"

"Ban taɓa aiki ba."

"Rubuta shekara biyu a sashen jiƙa fata, a ƙarƙashina, kafin ka tafi karatu. Ka sa lambata."

"Ƙarya ce, Baba."

"Yau ƙarya ce." Tari ya riƙe shi har matarsa, Mama Dabora, ta leƙo da kofin ruwa. "In sun ɗauke ka, kullum ka taso ka zauna nan in koya maka. Wata uku ta zama gaskiya. Kana jin mu da takarda muka shiga?"

Na rubuta. Ran Litinin na kai takardar kamfanin da ya yi aiki a Challawa.

Ran Laraba da safe Baba Joshuwa ya sha shayi, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a rana. Da Mama Dabora ta dawo daga ɗiban ruwa ya riga ya cika.

Mutanen cocinsu suka zo suka yi waƙa biyu. Mahaifina ya fitar da tabarmi, muka zauna da maƙwabta shida. Daga kamfanin babu wanda ya zo. Ba na jin ma sun ji.

Ran Juma'a aka kawo motar da za ta kai gawarsa gida Zonkwa. Ina ɗaure katifa a saman motar sai Mama Dabora ta miƙo mini wayarsa.

"Mustapha, amsa. Wai Baba ake nema. Ni ba zan iya sake faɗa ba."

Muryar babban mutum ce. Ya ce sunansa Sule, shi ne shugaban sashen jiƙa fata a kamfanin da na kai takarda.

"Ya rasu shekaranjiya," na ce.



"Allah ya ba da haƙuri. Shi ya koya mini aiki. Kai ɗansa ne?"

"Maƙwabcinsa."

"To ko ka san wani Mustapha? Takardarsa ce a gabana. Ban tuna shi ba, amma yaran Baba suna da yawa. In ta hannunsa ya bi, ba sai na gwada shi ba. Litinin zan ba shi ganga shi kaɗai."

Na san gangar a littafi: a cikinta ake juya fata da sinadari mai cin hannu. Ban taɓa tsayawa kusa da ita ba. Kalma ɗaya ake nema daga gare ni, kuma wanda zai ƙaryata ni yana cikin akwati a bayan mota.

"Ni ne Mustaphan, Malam Sule. Ban taɓa riƙe ɗanyar fata ba."

Ya yi wata gajeriyar dariya.

"Shekara nawa ya ba ka?"

"Biyu."

"Ni uku ya ba ni. Ka ga an fi sona." Ya gyara murya. "Amma ni ya rayu ya koya mini. Kai wa zai koya maka?"

"Babu."

"Ganga kam ba zan ba ka ba, ina da mutane a wurin. Akwai gurbin masu sauke fata daga mota. Wari ne da gishiri, tun ƙarfe bakwai. Masu digiri ba sa kai mako. In ka kai wata shida, ma yi magana."

"Na ji."

"Ka ji, ko za ka zo?"

Direba ya danna hon. Na ce zan kira shi, na mayar wa Mama Dabora wayar. Ta kashe ta, ta ƙulle a bakin zani.

"Ɗana, ga kwaɗo. Ka rufe ɗakin, ka kai wa mai gida makulli. Ba zan dawo ba."

"Allah ya kiyaye hanya, Mama."

Motar ta fita a hankali saboda ramukan layin. Ba wanda ya bi ta.

Na leƙa ɗakin. An kwashe komai, sai ƙusa a bango da wasu dogayen takalman roba a bayan ƙofa, bakinsu ya ci da sinadari. Na gwada ɗaya. Ya yi mini yawa kaɗan. Na fito da su, na ja ƙofar, na danna kwaɗon.

Litinin ƙarfe bakwai zan je in sauke fata. Shekara biyun kuma zan goge su daga takardar.